Yadda Ake Auna Gwanayen Besbol a Wasannin Kofi: Jagora Mataki-Mataki

Idan aka fara wasa da ƙarfe takwas na dare a New York cikin watan Oktoba, ƙarfe ɗaya na dare ke nan a Kano. Mu ƙalilan da besbol ya shiga ranmu mun saba da wannan rashin barci, mun kuma saba da musun da ke biyo baya da safe: wane ne ya fi kowa iya bugu idan aka zo wasannin kofi? Na taɓa tsayawa kai da fata cewa Manny Ramirez ne, hujjata kuwa ita ce homron 29 da ya buga, adadin da babu wanda ya kai. Abokin musuna bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "To Malam, a wasa nawa ya tara su?" Ban da amsa a ranar. Da na je na duba sai na tarar wasa 111 ne, alhali Babe Ruth wasa 41 kacal ya samu ya buga 15. Tun daga nan na sayi littafi mai layi-layi na fara bin abin a tsanake, kuma hanyar da na bi ce zan shimfiɗa a nan.

Kafin a shiga, ga kalmomin da za mu yi ta amfani da su. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana tarbarta da gora. Tasha huɗu ce a fili, ta huɗun ita ce gida, wanda ya zagayo ya taka gida ya ci maki ɗaya. Bugu mai kyau shi ne wanda ya kai mai shi tasha lafiya. Homron shi ne bugun da ya kai shi har gida kai tsaye, galibi ƙwallon ta tsallake katanga. Idan mai jifa ya kauce wa hanya har sau huɗu, sai a ba mai bugu tasha ta farko ba tare da ya buga ba, wannan ita ce kyautar tasha. Zuwan da ɗan wasa ya yi gaban mai jifa kuwa tsayuwa za mu kira shi, amma ba a ƙirga wanda ya ƙare da kyautar tasha a ciki.

Mataki na ɗaya: fara tambayar wane irin Oktoba mutum ya gani

Wannan shi ne tushe, wanda ya tsallake shi duk lissafinsa ya karkace. An fara gasar World Series a 1903, kuma daga nan har 1968 ita kaɗai ce wasan bayan kaka, wato wasan kofi da ake yi bayan an gama kakar wasa ta shekara. Zakaran rukunin American League ya haɗu da zakaran National League, shi ke nan, yawanci wasa bakwai ne iyaka. A 1969 aka ƙara zagayen fitar da zakaran rukuni. A 1995 aka sake ƙara wani zagaye a gabansa. Daga 2022 ƙungiya goma sha biyu ke shiga, har ɗan wasa yana iya buga wasa 22 a Oktoba guda, abin da wani gwanin zamanin da bai samu ba tsawon rayuwarsa.

Saboda haka duk jerin sunayen da ka gani na waɗanda suka fi tara wani abu, 'yan bayan 1995 ne suka cika samansa. Derek Jeter na ƙungiyar Yankees ya buga wasa 158 na bayan kaka, ya yi bugu mai kyau 200 cif. Kaka guda wasa 162 ce, wato kusan shekara ɗaya sukutum ya yi yana buga wasannin kofi. Yogi Berra, wanda ya ɗauki kofi sau goma yana ɗan wasa, wasa 75 ya samu. Jeter gwani ne, ba na rage masa komai, amma ƙofofi uku aka buɗe masa inda Berra ya tarar da guda.

A shafin farko na littafinka, rubuta sunan kowa da shekarun da ya yi wasa, da yawan zagayen da ake yi a lokacinsa. Kada ka rubuta ko lamba ɗaya ta bugu tukuna.

Mataki na biyu: tattara ɗanyun lambobi

Shafin Baseball-Reference yana da teburin bayan kaka na kowane ɗan wasa, kyauta ne, kuma ba ya cin data sosai. Abin da za ka kwafo guda bakwai ne: yawan wasa, da za ka ga an rubuta G a kansa, tsayuwa, AB, bugu mai kyau, H, bugun tasha biyu da na tasha uku, 2B da 3B, homron, HR, sai kyautar tasha, BB. Kwafe su da hannunka. Akwai abin da ido ke gani lokacin da hannu ke rubutawa wanda ba ya gani idan yatsa kawai ke gogar waya.

Mataki na uku: mayar da tari zuwa kaso

Raba bugu mai kyau da yawan tsayuwa, abin da ya fito shi ne matsakaicin bugu. Lou Gehrig ya tsaya sau 119 ya yi bugu mai kyau 43, lissafi ya ba da .361, ma'ana 361 a cikin kowace dubu. Ruth ya yi 42 a tsayuwa 129, wato .326. Jeter .308, Ramirez .285, Mickey Mantle .257. A besbol duk wanda ya haura .300 ana sara masa.

Sai homron. A nan juya lissafin za ka yi: raba tsayuwa da yawan homron, ka ga tsayuwa nawa mutum ke yi kafin ya fitar da ƙwallo waje. Ruth: 129 a raba da 15, kusan 8.6. Gehrig: 119 a raba da 10, kusan 12. Mantle, mai homron 18 a tsayuwa 230, kusan 13. Ramirez, mai 29 a tsayuwa 410, ya ɗan haura 14. Ka ga yadda jerin ya kife. Wanda ke kan gaba a tari ya koma na huɗu a cikin waɗannan mutum huɗu, kuma wannan ce amsar da na rasa ranar da abokina ya tambaye ni.

Mataki na huɗu: kada ka tsaya a matsakaicin bugu

Matsakaicin bugu yana da makanta iri biyu. Ba ya ganin kyautar tasha, kuma a wurinsa bugun da ya kai ka tasha ta farko da homron duk ɗaya ne. Wannan kamar a ƙirga buhuna ne ba a tambayi me ke ciki ba.

Maganin makanta ta farko shi ne kason isa tasha, OBP a tebur. Dubi Barry Bonds a World Series ta 2002, Giants da Angels. Ya zo gaban mai jifa sau 30. Sau 13 aka ba shi kyautar tasha, bakwai daga ciki da gangan, don masu jifa sun gwammace ya tafi salin-alin da ya taɓa ƙwallon. A sauran 17 ya yi bugu mai kyau 8, huɗu daga ciki homron. Matsakaicinsa .471 ne, amma idan ka haɗa 8 da 13 ka raba da 30 za ka samu .700. Sau bakwai cikin goma yana kan tasha. Tsoron da ake yi wa mutum shi ma shaida ce, kuma a wannan lamba kaɗai yake fitowa. Duk da haka Giants ba su ɗauki kofin ba, Angels ne suka ci a wasa na bakwai.

Maganin ta biyu shi ne kason ƙarfi, SLG. A nan kowane bugu ana ba shi nauyin tashoshin da ya ci. Bari mu yi na Ruth tare, da biro. Cikin bugunsa 42, guda 20 na tasha ɗaya ne, tasha 20 ke nan. Biyar na tasha biyu, 10. Biyu na tasha uku, 6. Homron 15 sau huɗu, 60. Jimla 96. Raba da 129, ka samu .744. Na Gehrig: 22, da 16, da 9, da 40, jimla 87, a raba da 119, .731.

Yanzu haɗa lambobin biyu, isa tasha da ƙarfi, shi ne abin da ake kira OPS. Ruth yana da .470 da .744. Gehrig yana da .483 da .731. Tara kowanne ka gani. Dukansu biyu 1.214 suke bayarwa. Ranar da na fara ganin haka sai da na sake lissafin sau biyu, na ɗauka kuskure na yi wajen kwafa. Mutum biyu da suka yi shekaru suna bin juna a jerin masu bugu na ƙungiya ɗaya, wato Yankees, ɗaya na uku ɗaya na huɗu, hali daban, salo daban, sun zo sun tsaya a kan lamba ɗaya.

Mataki na biyar: raba zagaye da zagaye

Idan kana son haɗa na da da na yanzu a faifai ɗaya, ware World Series ita kaɗai, don ita ce kowa ya tarar. Reggie Jackson ne ya fi kowa nuna amfanin wannan. Jimlar wasanninsa na bayan kaka 77 ne, matsakaici .278, homron 18. Lamba mai kyau, amma ba ta isa a ce ta jawo masa laƙabin "Mr. October" ba. Sai ka fasa ta. A zagayen fitar da zakaran rukuni ya buga wasa 45, matsakaicinsa .227 ne kawai. A World Series kuwa wasa 27, matsakaici .357, homron 10 a tsayuwa 98, kusan ɗaya a kowace tsayuwa goma. Kai ka ce mutum biyu ne.

Shekarar 1977 ta tattara duka fuskokin biyu cikin mako biyu. A karawarsu da Kansas City bugu biyu ya yi a tsayuwa 16, har kocinsa Billy Martin bai fara da shi ba a wasan ƙarshe. Sai ga daren 18 ga Oktoba, wasa na shida da Dodgers a filin Yankees. Burt Hooton ya jefo masa, jifar farko, ya fitar da ita waje. Aka kawo Elias Sosa, jifar farko, waje. Aka kawo Charlie Hough, mai wata irin jifa da ke tafiya tana rawa a iska ba ta juyawa, jifar farko, ya aika ta can tsakiyar fili bayan katanga, inda ba a zama. Lilo uku, homron uku, masu jifa uku. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma Jackson ya san ranar wankansa. Amma mai auna gaskiya dole ya rubuta .227 ɗin nan kusa da .357, kada ya ɓoye ɗaya.

Mataki na shida: girmama ƙanƙantar samfuri

A nan ne aka fi zaluntar mutane, shi ya sa zan daɗe a kai.

Ted Williams ya gama rayuwarsa ta wasa da matsakaici .344, kuma shi ne na ƙarshe a American League ko National League da ya haura .400 a kaka guda, a 1941. World Series ɗaya tak ya samu, ta 1946, Red Sox da Cardinals. Ya tsaya sau 25, ya yi bugu biyar, duka na tasha ɗaya, wato .200. Kwanaki kaɗan kafin gasar ƙwallo ta same shi a gwiwar hannu a wani wasan motsa jiki. Red Sox suka faɗi a wasa na bakwai, shi kuma bai sake ganin wannan dandali ba. Har yau akwai masu cewa ba ya iya babbar rana.

Yi wannan gwaji, ka riƙa yin sa ga kowa: ƙara masa bugu uku. Takwas a cikin 25 ya zama .320. Ƙwallo uku da suka faɗa hannun mai tsaro maimakon su sauka taku biyu gefe, su ne tsakanin "ya gaza" da "ya yi abin kirki". Yanzu ƙara wa Jeter bugu uku a kan 200 ɗinsa cikin tsayuwa 650. Daga .308 ya koma .312. Lambar da bugu uku ke iya girgizawa haka ba a gina hukunci a kanta.

Ruth da kansa ya taɓa faɗawa wannan rami. A 1922 bugu biyu ya yi a tsayuwa 17, .118. Da a ce daga nan ƙofa ta rufe masa kamar yadda ta rufe wa Williams, da yanzu wani labari ake bayarwa. Amma Yankees suka yi ta komawa, har 1928 ta zo ya yi 10 a cikin 16, .625, da homron uku a wasa guda. Bonds ma kafin 2002 ya buga wasa 27 na bayan kaka da matsakaici .196 da homron ɗaya tilo, ana ta yi masa gori, sai ya zo ya buga takwas a Oktoba guda. Willie Mays, mai homron 660 a wasannin kaka, ɗaya kawai ya buga a wasa 25 na bayan kaka, a World Series kuwa ko ɗaya babu. Ban yarda hannun Mays rawa yake yi ba. Tsayuwa 89 ce, abin da ɗan wasa ke yi cikin mako uku zuwa huɗu na kaka, kuma babu gwanin da bai taɓa yin mummunan wata ba.

Ga ƙa'idar da nake bi, tawa ce ba ta wata hukuma ba: ƙasa da tsayuwa 50, labari ne, a ji daɗinsa kawai. Daga 50 zuwa 100, a rubuta da fensir. Sama da 100, ana iya fara magana. David Ortiz ya yi 11 a cikin 16 a World Series ta 2013, .688, abin da ido ya gani ba zai manta ba, amma lambar da zan auna shi da ita ita ce .289 da homron 17 da ya tara a wasa 85.

Mataki na bakwai: auna mutum da kansa, sannan da zamaninsa

Kawo lambar kakarsa ka ajiye kusa da ta Oktoba. Gehrig .340 ne a kaka, ya hau .361. Jackson .262 ne, ya hau .278. Jeter .310 ne, ya tsaya .308, wato mutumin da ka sani a Yuni shi ne za ka gani a Oktoba. Mantle .298 ne, ya sauka .257. Ka tuna a wasannin kofi babu ƙungiyar banza, kuma gwanayen masu jifa ne ke ɗaukar yawancin aikin, don haka wanda ya riƙe matsayinsa ma ya yi ƙoƙari.

Sannan ka tambayi wa ke jifa. A 1963 Mantle ya yi bugu biyu a tsayuwa 15, amma Dodgers ɗin Sandy Koufax ya tarar, mai jifan da ya fitar da mutum 15 a wasan farko saboda sun kasa buga jifarsa. Duk ƙungiyar Yankees maki huɗu ta iya ci a wasa huɗu, kuma ɗaya daga ciki homron ɗin Mantle ne a kan Koufax ɗin. Ty Cobb ya buga World Series uku a jere, 1907 zuwa 1909, ya tashi da .262 babu homron, amma zamanin mataccen ƙwallo ne, lokacin da shi kansa ya zo na ɗaya a rukuninsa a 1909 da homron tara kacal. A 1968 masu jifa sun danne wasan har Carl Yastrzemski ya zama zakaran matsakaicin bugu a rukuninsa da .301, abin da ya sa aka rage tsayin tudun da mai jifa ke tsayawa a kai a shekarar da ta biyo.

Akwai wani abu mai nauyi da ba ya fitowa a tebur, kuma ban yarda a tsallake shi ba. Ruth da Gehrig ba su taɓa fuskantar baƙin mai jifa ko ɗaya a World Series ba, domin an toshe wa baƙaƙen fata ƙofa har zuwa 15 ga Afrilu 1947, ranar da Jackie Robinson ya fito wa Dodgers. Irin su Satchel Paige da Josh Gibson suna can a gasar baƙaƙe a shekarun ƙarfinsu. Lambar 1.214 gaskiya ce, amma an same ta ne a filin da aka hana wasu gwanaye shiga. Haka nan a gefen sunan Ramirez ina rubuta cewa an dakatar da shi wasa 50 a 2009 saboda haramtaccen magani. Ba na goge lambar kowa, amma ina rubuta abin da ke kewaye da ita.

Mataki na takwas: duba lokacin da bugun ya zo

World Series ta 1960 ita ce darasi. Yankees sun ci maki 55, Pirates 27, amma Pirates ne suka ɗauki kofi. Yankees sun yi nasara da 16 da 3, da 10 da 0, da 12 da 0, suka faɗi sauran huɗun da ƙaramar tazara. Mantle ya yi .400 da homron uku, sai dai duka ukun a wasannin cin kaca biyu na farko suka zo. Bill Mazeroski kuwa, wanda aka fi sani da tsaro, shi ya buga homron a kashi na tara, wato na ƙarshe, na wasa na bakwai, ana 9 da 9, ya rufe gasar. Adalci ya sa a ƙara da cewa Mantle ya yi bugu uku a wannan wasa na ƙarshe, bai ɓuya ba.

Saboda haka buɗe gasar wasa-wasa. Albert Pujols ya yi bugu shida a World Series ta 2011, biyar daga ciki a dare ɗaya, daren da ya buga homron uku. A sauran wasa shida, ɗaya. Jimla ba za ta taɓa gaya maka wannan ba.

Mataki na tara: yanke hukunci, ka faɗi a kan me ka yanke

Kafin ka buɗe baki, zaɓi tambayarka. Wa ya fi tarawa? Jeter a bugu, Ramirez a homron. Wa ya fi a World Series kaɗai? Mantle da homron 18, Berra da bugu 71. Wa ya fi haɗari a kowace tsayuwa? Wannan ce tambayar da ni na fi damuwa da ita, kuma a littafina Gehrig ne a layin farko, Ruth a na biyu. Lambarsu ɗaya, amma Gehrig ya fi nisa da abin da ya saba yi a kaka, daga 1.080 zuwa 1.214, yayin da Ruth daga 1.164 ya taso. Jackson na World Series yana biye da su, da .227 ɗinsa rubuce a gefe.

Shafin Ernie Banks babu komai a cikinsa sai suna: wasa 2,528 ya buga wa Cubs, homron 512, bai taɓa taka fili a wasan bayan kaka ba. A ƙasan shafin Gehrig kuma akwai sunan Hank Aaron, wasa 17, bugu 25 a tsayuwa 69, matsakaici .362, homron shida. Da fensir na rubuta shi, kuma duk Oktoba sai na buɗe wurin na daɗe ina kallo.